Citta mai yatsu: doguwar tafiya kafin ta iso kofinmu

Jama'a masu saurarenmu, in zuciya ta tashi, ko a mota tsakanin Maradi da Damagaram, ko mace tana laulayi, me iyayenmu mata ke cewa? "A dafa mata citta." To, wannan citta mai yatsu baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta kudancin Asiya ne, inda Indiya da Sin suka daɗe suna magani da ita. Larabawa suna ce mata zanjabil, sunanta ya zo har cikin Alƙur'ani. Fatauci ne ya kawo ta Afirka, ta tarar da citta mai ƙwaya, wadda ita ce ƴar gida.

Wadda muke saye yau, galibi daga kudancin Kaduna take fitowa, wajen Kachia da Kwoi, inda nomanta na sayarwa ya kankama wajajen 1927. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin can, ga iyaka a rufe, kuɗinta ya yi sama, masu lemun citta suka ji a jikinsu.

Binciken likitoci ya nuna tana rage tashin zuciya marar tsanani, musamman na masu ciki. Amma mu lura: amai da gudawa, ko aman da ya ƙi tsayawa, ya wuce aikin citta. A ba da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti.

Allah ya ƙara mana lafiya.