Wa Ya Yarda? Nazarin Ra'in 'Yancin Mutum a kan Dokar Hana Shan Taba, Haraji da Tsarin Ilimi

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hujjojin masu ra'in 'yancin mutum, wato 'yan libatariyan na Amurka da Birtaniya, a kan batutuwa uku da suka fi ja da hukuma a kansu: hana shan taba a wuraren jama'a, haraji, da tafiyar da makarantu. An bi rubuce-rubucen John Stuart Mill da Milton Friedman da Robert Nozick, sannan aka gwada su da abin da ya auku a Ailan, New York, Cile da Louisiana. Binciken ya gano cewa ƙarfin hujjarsu ko rauninta ya rataya ne a kan tambaya guda: shin wanda abin zai faɗa wa ya yarda, kuma yana da halin da zai ce a'a? Inda baligi ne ya zaɓar wa kansa, hujjar tana da ƙarfi. Inda ma'aikaci ne ko yaro, sai ta sassauta.

Fitilun kalmomi: 'yancin mutum, yarda, cutarwa, harajin taba, baucan karatu.

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Maris, 2004, Ailan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki na cikin gini, har da mashayu da gidajen abinci. Birnin New York ya riga ta da shekara guda, Ingila kuma ta bi sahu ranar 1 ga Yuli, 2007. Duk inda dokar ta sauka, an samu masu cewa hukuma ta wuce gona da iri. Su ne kuma ke kukan yawan haraji, su ne ke neman a damƙa wa iyaye kuɗin karatun 'ya'yansu su kai su makarantar da suka ga dama. Akan tattauna batutuwan nan uku daban-daban, na farko a fagen kiwon lafiya, na biyu a tattalin arziki, na uku a ilimi. Wannan maƙala tana ganin tushensu ɗaya ne, don haka ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora su a kai.

2.0 Ra'i da Dabarun Bincike

An ɗora nazarin a kan ƙa'idar cutarwa da Mill ya shimfiɗa a littafinsa On Liberty na 1859. Taƙaicenta shi ne, ba a tilasta wa baligi mai hankali sai don a hana shi cutar da wani. Amfanin kansa kaɗai bai isa dalili ba. Mill ya fitar da yara daga cikin wannan ƙa'ida ƙarara. Nozick, a Anarchy, State, and Utopia na 1974, ya ƙara tsanantawa: aikin hukuma shi ne kare mutane daga ƙwace da sata da zamba, da tabbatar da alƙawuran ciniki, sauran duk shisshigi ne. Friedman ya tsaya a tsakani, domin ya yarda hukuma ta shigo idan abin da mutum ya yi yana taɓa maƙwabtan da ba a shawarce su ba.

Dabarar binciken ita ce a fara kawo hujjar a mafi kyawun surarta, kamar yadda masu ita za su so a faɗe ta, sannan a tambayi abu biyu: wa ke ɗaukar nauyin, kuma ya yarda?

3.0 Hana Shan Taba

Hujjar masu adawa da dokar, kamar yadda Jacob Sullum ya tsara ta a For Your Own Good na 1998, ba wai taba ba ta kisa ba ce. Cewa suke mashaya dukiyar mai ita ce. Wanda ya shiga ya san zai tarar da hayaƙi, wanda ya karɓi aiki a ciki da saninsa ya karɓa, kuma idan mutane na son wurin da babu hayaƙi, kasuwa za ta buɗe musu.

Hujjar ta fara girgiza ne a 1981, lokacin da Takeshi Hirayama ya buga bincikensa a kan matan aure fiye da 90,000 a Japan waɗanda ba sa shan taba. Ya gano cewa waɗanda mazajensu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu. A 1986 rahoton Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya tabbatar cewa shaƙar hayaƙin wani na jawo cuta ga mai lafiya. Daga nan maganar ta tashi daga abin da mutum ke yi wa kansa, ta koma abin da yake yi wa na kusa da shi.

Nan ne ya kamata a bambanta baƙo da ma'aikaci. Baƙo yakan zauna sa'a guda ya tashi, in hayaƙi ya dame shi gobe ba zai dawo ba. Wanda ke bayan kanta kuwa yana tsaye tun la'asar har tsakar dare, yana wanke kofuna, yana zubar da tokar taba, tagogi a rufe saboda sanyi, gobe ma haka. Shane Allwright da abokan aikinta sun auna kotinin, wato abin da nikotin ke komawa a cikin jiki, a yawun ma'aikatan mashayu marasa shan taba kafin dokar Ailan da bayanta. Sakamakon da suka buga a 2005 ya nuna raguwar kusan kashi 80 cikin 100, alhali a Ailan ta Arewa, inda dokar ba ta kai ba tukuna, kashi 20 kawai ya ragu. A Sikotilan, Jill Pell da tawagarta sun ruwaito a 2008 cewa masu kwanciya asibiti da bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 bayan irin wannan doka da aka kafa a can a 2006.

Kasuwa kuwa ba ta buɗe ƙofar da aka yi alƙawari ba. Kafin dokar, kusan kowace mashaya ana shan taba a cikinta, domin duk mai wurin da ya hana shi kaɗai, abokan cinikinsa za su koma wurin maƙwabcinsa. Wanda sana'arsa ke nan bai zaɓi hayaƙi ba, aiki ya zaɓa a kan zaman banza. Irin wannan yarda ba ta kai a jingina ran mutum a kanta ba.

Amma 'yan libatariyan suna da gaskiya a wani gefe. A 2011 New York ta faɗaɗa hanin zuwa wuraren shaƙatawa da bakin teku. Ronald Bayer da Kathleen Bachynski, waɗanda su kansu masana lafiyar jama'a ne, sun nuna a 2013 cewa shaidar cutarwa a sarari mai rauni ce, kuma ainihin manufar ita ce a mai da shan taba abin kunya. Dokar da aka kafa da sunan kare wani, alhali gyaran halin mai sha ake nufi, ita ce ainihin abin da Mill ya yi gargaɗi a kai.

4.0 Haraji

Nozick ya daidaita harajin da ake cira daga ladan aiki da aikin tilas, domin wanda aka karɓe wa ladan sa'o'i biyar tamkar an sa shi ya yi wa wani aikin sa'o'i biyar ne. Liam Murphy da Thomas Nagel sun ba shi amsa a 2002: kuɗin da mutum ke kira nasa kafin haraji bai samu ba sai da kotu da rajistar filaye da 'yan sanda da takardar kuɗi, waɗanda duk haraji ke riƙe da su. Friedman kansa bai bi Nozick har can ba, domin a Capitalism and Freedom na 1962 ya ba da shawarar hukuma ta riƙa cika wa matalauta kuɗin shigarsu daga baitulmali.

Harajin taba ya fi ban sha'awa ga wannan nazari. Mill ya ƙi harajin da aka sa don kawai a wahalar da mai saye, ya ce hani ne a fakaice ga wanda bai da hali, amma ya yarda idan dole ne a tara kuɗi, a ɗora a kan abin da mutane za su iya rayuwa ba shi. Masu bin masanin tattalin arziki A. C. Pigou suna cewa a caji mai sha daidai asarar da yake jawo wa jama'a. Sai dai Willard Manning da abokansa sun lissafa a 1989 cewa harajin da masu shan taba na Amurka ke biya ya riga ya rufe wannan asara. Abin da ya wuce haka, ba don kare wasu aka sa shi ba.

Nauyin kuma a kan talaka ya fi faɗawa. A 2014 harajin jiha da na birni a kan kwalin taba ɗaya a New York ya kai dala 5.85, a Virginia kuwa santi 30 ne. Wannan tazara ta haifar da fasa-ƙwauri da sayar da kara ɗaya-ɗaya a bakin titi. Ranar 17 ga Yuli, 2014, wani mutum mai suna Eric Garner ya mutu a Staten Island da ke birnin New York bayan wani ɗan sanda ya shaƙe shi a wajen kama shi bisa zargin irin wannan ciniki. Shaƙar ce ta kashe shi, ba haraji ba. Duk da haka 'yan libatariyan sun faɗi abin da ya kamata kowane ɗan majalisa ya riƙe: ƙarshen kowace doka hannun ɗan sanda ne, kuma galibi wuyan ƙaramin mutum yake kamawa. Darasin ya shafi Nijeriya, inda dokar taba ta 2015 ta haramta sayar da kara ɗaya-ɗaya, amma mai tebur bai daina ba.

Abin da ke karya lagon hujjarsu shi ne shekarun farawa. Gary Becker da Kevin Murphy sun kafa hujja a 1988 cewa mai sha yana iya fara shan taba da cikakken lissafin abin da zai biyo baya. Amma rahoton Babban Likitan Amurka na 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na masu sha sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Baligin da ake kare zaɓinsa yau, yaro ne ya yanke masa shawara, kuma jaraba ta hana shi warware ta. Ƙarin farashi na kashi 10 cikin 100 yana rage sha da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, kuma matasa sun fi kowa janyewa.

5.0 Tsarin Ilimi

A maƙalarsa ta 1955, Friedman ya raba abubuwa biyu da aka saba haɗawa: biyan kuɗin karatu, da mallakar makaranta. Ya yarda hukuma ta wajabta karatu ta kuma biya, domin ilimin yaro yana amfanar kowa, amma ta ba iyaye bauca, wato takardar biyan kuɗin makaranta, su kai inda suke so. Mill ya riga shi: a tilasta wa iyaye ilimantar da 'ya'ya, a biya wa marasa hali, amma kada hukuma ta zuba tunanin yaran ƙasa duka a ma'auni ɗaya.

Cile ce ta fi kowa gwada wannan, tun 1981 a mulkin Pinochet. Ɗaliban makarantun gwamnati sun ragu daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da rabi. Chang-Tai Hsieh da Miguel Urquiola sun gano a 2006 cewa matsakaicin sakamakon ƙasa bai inganta ba. Abin da ya faru shi ne 'ya'yan masu hali sun tattaru a gefe guda. Dalilin a fili yake: makarantu suna da ikon tantance ɗalibai, daga 1993 kuma an ba su damar ƙara kuɗi a kan baucan. Sai ya zama makaranta ce ke zaɓen yaro. Ƙasar ta ƙara wa baucan 'ya'yan talakawa kuɗi a 2008, sannan a 2015 ta fara soke tantancewa da ƙarin kuɗi da cin riba. A Louisiana, Atila Abdulkadiroğlu da Parag Pathak da Christopher Walters sun nuna a 2018 cewa yaran da ƙuri'a ta ba bauca sun koma baya sosai a lissafi. A Kolambiya kuwa, inda aka keɓe baucan ga unguwannin talakawa, Joshua Angrist da abokansa sun samu a 2002 cewa masu baucan sun fi kammala aji takwas.

Binciken James Tooley a Makoko ta Legas da yankin Ga na Gana ya nuna talakawa na biyan ƙananan makarantun kuɗi da guminsu, saboda suna ganin malami yana zuwa aji. Wannan shaida ce cewa iyaye marasa boko ma sun san abin da suke nema. Amma yaron da iyayensa ba su zaɓa masa komai ba, kasuwa ba ta san da shi ba.

6.0 Sakamakon Bincike

Na farko, hani a cikin gini inda wasu ke aiki ya dace da ƙa'idar Mill, hani a sarari bai dace ba. Na biyu, harajin taba ba ya tsayawa a kan asarar jama'a kaɗai, yana tsayawa ne a kan kare yara. Don haka adalci ya buƙaci a mayar da wani kaso nasa wajen taimaka wa masu son dainawa, kuma a bi manyan masu fasa-ƙwauri kafin a taɓa mai tebur. Na uku, raba biya da mallaka a ilimi tunani ne mai kyau, muddin baucan talaka ya fi nauyi, makaranta ba ta da ikon tantancewa, kuma ana bayyana sakamakonta.

7.0 Kammalawa

Babbar gudummawar masu ra'in 'yancin mutum ita ce sun ɗora wa hukuma nauyin kawo hujja kafin ta tilasta. Wannan nauyi ya kamata ya tabbata a kanta, domin hukumar da ba a tambaya ba ta san iyaka ba. Kuskurensu shi ne ɗaukar yarda a matsayin abin da kowa ke da shi daidai wa daida. Ma'aikacin da ba shi da wani aikin, da matashin da jaraba ta kama tun yana makaranta, da yaron da ba a sa shi aji ba, duk ba su yarda da komai ba. Mai kishin 'yanci na gaskiya wajibi ne ya tsaya musu, ko da hakan na nufin kiran hukumar da yake tsoro, sannan ya tsare ta kada ta wuce inda hujjarta ta ƙare.