Fataken Salaga da Wasiƙar Yaƙub

Manzo Yaƙub cikin sura ta 4 ya tsauta wa fataken da ke lissafin ribar baɗi, ba su sa Allah a ciki ba. Ku tuna da Salaga. Ayarin Kano kan yi watanni a hanya, ya bi ta Yendi da kanwa, ya komo da goron Gwanja. Har 'yan adam aka sayar a kasuwar nan, abin baƙin ciki. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, goro ya soma sake hanya. A 1892 yaƙi ya tashi a kan sarautar Kpembe. Fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji, suka bar gidajensu da rijiyoyinsu a baya.