Injin da ya buga: daga shagon tena zuwa rumfar Beljiyam

Lokacin da muka shiga gareji muna yara a Kaduna, babu mai tambayar ko a gyara inji ko a sake wani. In inji ya buga, sauke shi ake yi a kwance shi ɗaya bayan ɗaya, don babu kasuwar da za a je a sayo wani, sai dai in wata mota ta yi hatsari an sayar da gawarta. Zamanin Peugeot ne. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, nan da nan 504 ta zama motar gwamnati, motar ma'aikacin da ya ci rancen mota, kuma motar haya ta Kano zuwa Legas.

Injin 504 kamar don gyara aka ƙera shi. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, kuma silif, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, zare shi ake yi. In ya cinye sai a sayo saiti guda na silif da fistin da ringi a zura, inji ya koma kusan sabo. Karanshaf kuwa wajen tena ake kai shi. Shi zai auna da maikuromita, ya ga ko metal ya ci shi, ya rage masa kauri kaɗan, sannan ya faɗi saiz ɗin metal da za a saya. Ana iya yin haka sau biyu ko uku kafin a ce ƙarfen ya ƙare. Maganar tena ita ce hukunci. Ko maigidanmu, da ba a ja da shi a gareji, in tena ya ce bulok ya tsage to magana ta mutu. Bayan an ɗaura, sai a bar inji yana silo na tsawon sa'o'i, a gargaɗi direba kada ya taka mota da ƙarfi sai ringi ya zauna, ya dawo a juye baƙin mai.

Abin da ya sauya wannan tsari kuɗi ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwarara ta tashar ruwan Antwerp ta ƙasar Beljiyam zuwa Kwatano, wasu su shigo ta Seme, wasu su zaga ta Nijar su sauko ta Maraɗi. Bayan motoci sai injuna cikin kwantena. Kasuwar Ladipo a Legas ta zama uwa, 'yan kasuwar Nnewi suka riƙe harkar, kaya suka riƙa hawowa Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna. Daga baya injunan Japan suka biyo, da yawa ta Sharjah. Can Japan sitiyari a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, don haka motocinsu yanka su ake yi a kawo mana kayan ciki.

Nan ne tambayar gyara ko sauyi ta samo asali. Mai mota ya lissafa: gyara zai ci mako biyu, ga zirga-zirga wajen tena, ga kuɗin kaya, injin Beljiyam kuwa a saya da safe a ɗora kafin magariba ta gobe. Bakanike ma, gaskiya ɗaya ce, ya fi son haka. Aiki ya yi sauƙi, akwai ɗan la'adar da mai rumfa ke ba shi, kuma in inji ya ba da matsala laifin na mai rumfa ne. Sai dai sayen ya zama na kifi a ruwa. Za a tayar maka da inji a ƙasa da batir, ka ji sautinsa na minti ɗaya, a shafa masa fenti don shaida, a ba ka garanti na 'yan kwanaki. Ba wanda ya san tafiyar da ya yi a ƙasarsu. Akwai ma masu wanke injin da ya gama wahala a titunanmu su jera shi cikin na waje.

Su ma injunan sun sauya hali. Na yanzu galibi bulok ɗin alminiyam ne, silif ɗin a narke yake cikin jiki, ba ya zaruwa. In suka yi zafi sosai, kan silinda ya lanƙwashe, wani lokaci zaren kusoshin da ke riƙe shi ya tsinke a cikin bulok. Masu Camry mai injin 2AZ sun san wannan. Irin wannan ni ban cika ba da shawarar gyara ba. Amma injin da hayaƙi kawai yake yi yana shan mai, ko wanda metal ɗaya ya fara ƙara aka tsaya da wuri, asara ce a jefar da shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗora sabon inji a bar lagireton da ya toshe, a cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, bayan wata uku mai mota ya dawo yana zagin mai rumfa.

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ta haura naira dubu, injin Beljiyam ya zama sai mai hali. Masu mota sun fara dawowa suna cewa, “Oga, ba za a iya buɗe shi a duba ba?” Ana iya buɗewa. Matsalar ita ce shekarun da aka yi ana ɗora inji sun cinye sana'ar. Tenonin kirki sun tsufa, wasu sun rufe shago, injunan da suke aiki da su ma sun gaji. Ringi da metal na jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau irin na asali. Yaran da ke tasowa sun ƙware wajen jona na'urar kwamfuta su karanta matsalar mota, abin da mu ba mu iya ba, amma da yawansu ba su taɓa riƙe maikuromita ba, kuma suna ɗaure kan silinda da ƙarfin hannu ba da sifanar awo ba.

Don haka yanzu in aka kawo mini inji, kafin in faɗi kuɗi sai na kai karanshaf da bulok an auna, mai mota ya biya kuɗin awon. In sauyi ya zama dole, nakan sa a buɗe murfin sama da kaskon mai a gabanmu a rumfa, kuma a rubuta lambar injin a jikin rasit saboda ranar da za a tsayar da mai motar a hanya.