Daga Saukar Jirgin Farko a Kano Zuwa Tsaigumi

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan, kuma daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Jama'a sun ga fukafukai, sun ji rugugi, amma injin da ya ɗauko ƙarfen ya ƙetare sahara da shi yana rufe a hancin jirgin, masu sanin sirrinsa kuma tare da shi suka zo, tare suka koma.

Sai a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, ɗan Bauchi da ya riƙe ma'aikatar sufuri tun kafin 'yancin kai, aka kafa rundunar sojan sama, aka kuma kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya, inda aka soma yaye matuƙa da injiniyoyin gyara. A 1977 rundunar ta buɗe makarantar fasaha a Kaduna, wadda yau ake kira AFIT. Hannu ya saba da warware inji da mayar da shi, har a 1989 aka nuna Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna. Aiki ne abin yabo, sai dai zanensa daga Amurka ya fito, injinsa na Lycoming ma daga can aka sayo.

Dalilin wannan giɓi ba ya rasa nasaba da wuyar abin. A cikin injin jet na zamani, zafin iskar da ke bugun farfelar ciki ya wuce zafin da ke narkar da ƙarfen farfelar kanta, don haka ake ƙera ta da gaurayen nikel, a huda mata ƙananan ramuka da iska mai sanyi ke bi. Frank Whittle ya yi rajistar zanen injin jet ɗinsa a 1930, amma sai 1941 injinsa ya ɗaga jirgi, a ƙasar da ke da matatun ƙarfe da ɗakunan gwaji. Mu kuwa kamfanin Ajaokuta, da aka soma tun ƙarshen shekarun 1970, har yau bai kammala ba.

Basira dai ba ta taɓa ƙaranci ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa. Irin wannan mafari Tom Mueller ya yi a Amurka, yana ƙera injin roka a garejin gidansa, sai dai shi ya sami kamfanin SpaceX da kuɗi da filin gwaji, ya jagoranci ƙera injin Merlin. Da wannan inji, wanda ake iya sake kunnawa a sama a kuma rage masa wuta, rokar Falcon 9 ta dawo ta sauka a tsaye a Cape Canaveral ranar 21 ga Disamba, 2015.

A Kaduna an ci gaba, an ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a watan Fabrairun 2018, da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Bauchi ma na da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tun 1980, tana kuma da sansanin sojan sama, ke nan yaron Bauchi mai son wannan fanni ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya soma. Abin da ya rage a wuyan hukumomi shi ne su ba waɗannan makarantu ɗakin gwajin inji da kuɗin bincike mai ɗorewa.