Tawul Ɗin Kowa Da Kowa: Yadda Abin Goge Fuska Ya Shiga Tarihin Ciwon Ido

Makalarmu ta wannan mako kan tawul ce, wannan da muke ratayewa a bayan ƙofa ba tare da mun ƙara tunawa da shi ba sai gobe da safe.

Tawul mai gashi-gashi da muka sani asalinsa daga ƙasar Turkiyya yake, inda masaƙa suka daɗe suna saƙa shi da hannu saboda gidajen wanka. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Christy ya gan shi a Istanbul, ya ɗauko samfurinsa zuwa masaƙar gidansu da ke kusa da Mancesta. Wani ma'aikacinsu, Samuel Holt, shi ya gano yadda inji zai saƙa shi. A shekarar 1851 aka baje shi a babban bajekolin Landan, Sarauniya Biktoriya ta gani ta yi oda. Daga nan tawul ya fara sauka daga fada zuwa gidajen talakawa.

Sai dai talaka bai sayi ɗaya don kowane mutum ba. Guda ɗaya ake ratayewa gida duka. A makarantu, otal-otal da tashoshin jirgin ƙasa kuwa, akwai wani dogon tawul da ake haɗe bakinsa biyu a rataya a jikin sanda, kowa ya zo ya jawo ya nemi inda ya ɗan bushe ya goge fuska. Mutum nawa suka riga shi? Babu mai tambaya.

A daidai wannan zamani Turai na fama da ciwon amodari. Sojojin Faransa da na Ingila da suka yi yaƙi a Masar tsakanin 1798 da 1801 sun koma gida da ciwon ido mai tsanani, har wannan ya kasance cikin dalilan kafa asibitin ido na Moorfields a Landan a 1805. Amodari yana fara wa yaro da kwantsa da ƙaiƙayi. Idan ya yi ta dawowa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Ruwan ido da majinar mai ciwon su ke ɗauke da cutar, kuma hannu, ƙuda da tsumma su ke kai ta ga na kusa.

Amurka ta tsorata sosai da shi. A 1897 ta sa amodari cikin cututtuka masu haɗari da ke hana baƙo shiga ƙasar, likitoci a tsibirin Ellis suna juya fatar idon masu shigowa suna dubawa. Abin mamaki, ciwon yana nan cikin gida, a ƙauyukan duwatsun Kentaki, inda iyali guda ke wanke fuska a kwano ɗaya su goge da tawul ɗaya. Dakta Samuel Crumbine na hukumar lafiya ta jihar Kansas ya sa aka hana kofin shan ruwa na haɗaka a 1909, sannan tawul ɗin haɗaka ya biyo baya a 1911. Kamfanin Scott kuwa tuni ya fara sayar da tawul na takarda tun 1907, a goge a jefar.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, duk an yi wannan kafin a kama ƙwayar cutar. Sai a 1957 masanin ƙasar Sin, Tang Feifan, ya iya ware ta. Lura kawai aka yi da yadda ciwon ke bin gida-gida.

Ba ido kaɗai ba. Tawul mai danshi da ba ya ganin rana yana iya ɗaukar makero daga wannan fuska zuwa waccan, kuma dirzar fuska da shi tana ƙara fusata kuraje. Masu kashe kuɗi a kan sabulu da man fuska su duba abin da suke gogewa da shi.

Mu ma labarin ya shafe mu, don amodari ya daɗe yana makantar da mutane a arewacin Najeriya da Nijar. A wajenmu sau da yawa ba tawul ba ne, bakin zani ne ko gefen mayafi: uwa ta share wa wannan kwantsa, ta juya ta share wa ƙaninsa, cikin ƙauna. Shi ya sa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na yaƙi da cutar ya sa tsabtar fuskar yara a jere ɗaya da tiyata, magani da gyaran muhalli. Da wannan tsari Gana ta samu shaidar kawar da amodari a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2018, Togo a 2022, Benin da Mali kuma a 2023.