Jar Ƙasar Briqueterie: Ta Gina Gari, Ta Yi wa Gona Rowa

Unguwar Briqueterie, matattarar Hausawan Yawunde, ta gaji sunanta ne daga wurin gasa jan bulo na zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a garin a 1889 suka bar shi a 1916. A ganina, abin da ya sa wannan jar ƙasa ta yi kyau da bulo shi ne ya sa take wahalar da manomi. Yawunde na samun ruwan sama kusan milimita 1,600 a shekara, cikin damina biyu. Dubban shekaru ruwan yana ratsa ƙasar yana tafiya da kalsiyam da magniziyam da fotasiyam, ya bar yumɓu irin na kawolin da tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ke ba ta launin ja. Wannan yumɓu ba ya kumbura sosai in ya jiƙe, ba ya yawan tsagewa in ya bushe, shi ya sa magini ke son sa. Sai dai ba shi da ƙarfin riƙe abincin shuka. Ga kuma tsami, wanda ke sakin alminiyam ya tsugunar da saiwa, yayin da ƙarfen ke damƙe fosfaras ya hana shuka shan sa ko da yana kwance a ƙasar.

Wani zai ce, in haka ne, me ya tsayar da kurmin da ya lulluɓe tsaunukan Yawunde? Tambayar tana bisa hanya, amma arzikin kurmi a jikin itatuwansa yake da ganyen da ke ruɓewa a gindinsu. Abin da ya zuba, saiwoyi su tsotse shi nan da nan kafin ruwa ya wanke. Ewondo, masu ƙasar tun asali, sun gane haka. Sukan sare daji su ƙone, tokar ta kashe tsamin na ɗan lokaci, su shuka gyaɗa da masara, rogo da gwaza da agada su biyo baya, sannan su bar gonar ta huta shekaru. Ba banza ba rogo ya zauna daram a abincin yankin, don yana jure tsamin da zai naƙasa wasu amfanin gona. Masu kallon wannan noma a matsayin ɓarna sun manta cewa ya dace da ƙasar muddin akwai filin da za a bari ya huta.

Hausawan da fatauci ya kai su Yawunde sun fito daga inda matsalar ta sha bamban. Jigawar Kano rairayi ce, ruwa bai wanke ta kamar ta kurmi ba, amma tana fama da ƙarancin naitirojin da fosfaras. Maganin Kanawa taki ne: kashin awaki, toka da bolar birni, a ɗora wa jakuna cikin mangala a kai gona da rani, ga gawo yana zubar da ganye da damina. Michael Mortimore, wanda ya nazarci karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Hanya biyu ke nan, amma a duka biyun hannun mutum ne ke mayar wa ƙasa abin da aka ɗebe.

Akwai masu cewa takin zamani ya rufe wannan babi. Ban yarda ba. Yuriya da danginta suna ƙara wa ƙasa tsami in aka daɗe ana zubawa, fosfaras ɗin buhu kuma ƙarfen jar ƙasa zai kama wani kaso nasa. Sai an haɗa da farar ƙasa ko toka da takin gargajiya kafin kuɗin manomi ya dawo. Abin takaici, Briqueterie na tara tokar masu tsire da ɓawon kayan abinci kowace rana, ana kwashe su a matsayin shara, alhali masu lambu a fadamun Yawunde suna sayen taki da tsada.