Daga Shebur Zuwa Rada: Yadda Aka Koyi Binciken Tuddan Gaɓar Norwe

A gaɓar tekun kudancin Norwe akwai tuddai da yawa a tsakiyar gonaki, waɗanda mutum ne ya tara ƙasarsu. Tun kaka da kakanni manoma na cewa sarakuna ne kwance a ciki. Ɗaya daga cikinsu, a gonar Gokstad, sunansa ma Tudun Sarki.

A 1880 'ya'yan mai gonar suka ɗauki shebur suka fara tona shi don su ga abin da ke ciki. Labari ya kai kunnen Nicolay Nicolaysen, masanin kayan tarihi, ya zo ya tsayar da su, ya karɓi aikin. Maimakon ya ɓarke tudun ta sama, sai ya shiga ta gefe. Ya tarar da jirgin ruwa na mutanen Viking mai tsawon kusan mita 23, da gawar namiji guda. Shuɗin yumɓun wurin ne ya hana iska shiga, katakon bai ruɓe ba har kusan shekara 1,000.

A 1903 wani manomi a Oseberg ya kai wa Farfesa Gabriel Gustafson guntun katakon da ya tono a gonarsa. Aka yi haƙa a 1904, aka fito da jirgi mai sassaƙa, da keken doki, da gadaje, da ƙasusuwan mata biyu. Daga baya zoben shekarun katakon ɗakin gawar suka nuna an binne su a 834.

Wannan haƙa ta koyar da darasi biyu. Na farko, a lokacin duk abin da aka tono na mai gona ne, yana iya sayar wa wanda ya ga dama, har sai da wani attajiri ya saye jirgin ya ba ƙasa. Shi ya sa a 1905 Norwe ta kafa dokar kare kayan tarihi. Na biyu, an dafa ƙananan kayan katakon a ruwan alam don su daɗe, ashe gyaran gangar auzinawa aka yi: yau suna rugurgujewa ta ciki.

Daga nan masana suka rage garaje, tunda kabari sau ɗaya ake tona shi. A 2018, a Gjellestad kusa da Halden, aka ja na'urar rada a kan gonar da garma ta riga ta baje tudunta. Hoton ya nuna siffar jirgi a ƙarƙashin ƙasar noma kaɗan, ba tare da an sara ko fartanya ɗaya ba. Sai da gwaji ya nuna fumfuna na cin katakon sannan aka yarda a tona a 2020. Abin da ya rage shi ne wani ɓangare na ƙashin bayan jirgin, da ƙusoshin ƙarfe a jere inda allunan suka narke.